Frank Rosenblatt: masanin da ya koya wa na'ura gyara kuskurenta

A watan Yulin 1958 ne Rundunar Sojan Ruwan Amurka ta tara 'yan jarida domin su ga aikin wani matashi da take ɗaukar nauyin bincikensa. Sunansa Frank Rosenblatt, haifaffen New Rochelle a jihar New York, ranar 11 ga Yuli 1928. Ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta har ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell a 1956, kuma babban abin da ya dame shi shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke koyo.

Abin da ya nuna ranar, wanda ya raɗa wa suna Perceptron, kwamfutar IBM 704 ce da aka ciyar da katunan da ke da alama a dama ko a hagu. Bayan gwaji kusan 50 ta fara bambance su da kanta. Ba a rubuta mata ƙa'ida ba. Duk lokacin da ta kuskure, sai ta gyara nauyin da take bai wa kowace alama. Daga baya ya ƙera na'urar Mark I mai ƙwayoyin gani 400.

Jaridu suka zuzuta lamarin, har da hasashen na'urar za ta yi tafiya ta yi magana, shi ma Rosenblatt bai tsuke bakinsa wajen alƙawari ba. Wannan ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. A 1969 Marvin Minsky, wanda suka yi makarantar sakandare ɗaya a Bronx, tare da Seymour Papert suka fitar da littafin da ya tabbatar da lissafi cewa Perceptron mai hawa ɗaya ba za ta iya warware wasu matsaloli masu sauƙi ba. Hujjar gaskiya ce, amma aka ɗauke ta kamar hukunci a kan fannin baki ɗaya, masu rabon kuɗin bincike kuma suka karkata wani wajen.

Rosenblatt ya mutu a haɗarin kwale-kwale a mashigin ruwan Chesapeake ranar 11 ga Yuli 1971, ranar da ya cika shekara 43. Sai a 1986 Rumelhart, Hinton da Williams suka yaɗa hanyar horar da irin wannan tsari mai hawa da yawa, wadda ƙirƙirarriyar basirar yau ta ginu a kanta. Na'urar Mark I tana ajiye a cibiyar Smithsonian da ke Washington.