Srivastava, Ba'indiyen da ya riƙe hukumar teku shekara 16

Mu nan Wad Haddad kogi muka sani, amma duk alhajin da ya hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, aikin Chandrika Prasad Srivastava ya shafe shi.

An haife shi a Indiya a 1920. Ya yi wa Firaminista Shastri sakatare, sannan ya shugabanci hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1974 zuwa 1989. A zamaninsa, 1978, ƙasashe suka amince da ƙa'idar horar da ma'aikatan jirgi. To, ƙasashe matalauta fa, ina za su samo ƙwararru? Sai ya tsaya kai da fata har aka buɗe jami'ar harkokin teku a Malmo ta Suwidin a 1983. Ni dai wannan ya fi burge ni.

Ya mutu a Italiya a 2013.