Tarihin Wilhelm Rontgen, Masanin da Ya Gano Hasken Hoton Ƙashi

Gabatarwa

Duk majinyacin da aka tura daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin ɗaukar hoton ƙirji ko gashin ciwon daji, yana cin gajiyar aikin wani Bajamushe ne da ya rasu tun 1923. Manufar wannan maƙala ita ce kawo tarihinsa a taƙaice, tare da nuna abin da ya bar wa masu bincike.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Wilhelm Conrad Rontgen ranar 27 ga Maris, 1845, a garin Lennep ta ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne. Yana da shekara uku iyayensa suka ƙaura zuwa Holan. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa an kore shi daga makarantar fasaha ta Utrecht saboda wani zanen ba'a da aka yi wa malami, alhali ba shi ya zana ba. Rashin takardar shaida ya toshe masa hanyar jami'a a can, sai ya nufi Zurik ta Suwizalan a 1865, inda ya sami digirin dakta a 1869. Ya koyar a jami'o'i da dama kafin ya koma Wurzburg a 1888.

Gano Hasken

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwajin tura lantarki cikin wata kwalba da aka zuƙe iskarta, wadda ya lulluɓe da baƙin kwali, sai ya ga wata takarda mai shafen sinadari tana ƙyalli daga can gefe. Bai yi gaggawar shela ba. Kimanin mako bakwai ya yi yana maimaita gwajin, yana gitta littafi da katako da dalma, yana lura da abin da hasken ke ratsawa. Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha, ƙasusuwa da zobe suka fito sarai. Ranar 28 ga watan ya miƙa rahotonsa, sa'an nan ya aika wa takwarorinsa tare da hotuna. Da yake gani ya kori ji, kuma kayan aikin suna nan a jami'o'i da yawa, cikin 'yan makonni masana a Ingila da Faransa da Amurka suka maimaita gwajin, suka sami abin da ya samu.

Shi ne farkon wanda aka ba lambar Nobel ta fiziks, a 1901. Ya ba jami'ar Wurzburg kuɗin, ya kuma ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano. Tsadar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta cinye dukiyarsa. Ya rasu a Munik ranar 10 ga Fabrairu, 1923, sanadiyyar ciwon dajin hanji.

Abin da Ya Bari

Tun 1896 aka fara gasa ciwon daji da wannan haske, amma rashin ma'auni ya sa wasu suka ƙone. A 1928 taron masana a Stockholm ya tsayar da ma'auni guda, aka raɗa masa sunan Rontgen. Matsalar ta sake ɓullowa da kwamfuta ta fara ciro alƙaluma daga hoton ƙari, kamar girmansa da yanayin sakarsa, domin hasashen yadda gashi zai yi masa. Sauyin na'ura ko manhaja, ko bambancin yadda likitoci ke shata iyakar ƙarin, yakan sauya alƙaluman. Wannan ya sa a 2020 ƙungiyoyin bincike 25 suka daidaita hanyar lissafin siffofi 169.

Kammalawa

Darasin rayuwar Rontgen shi ne, sakamakon da wani ba zai iya maimaitawa ba bai isa a ɗora ran majinyaci a kansa ba. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai nazarin harshe kamar yadda ta hau kan likita.