Audu Bako: Ɗan sandan da ya gina dam

Duk lokacin da na je gida Talata Mafara na bi ta gefen dam ɗin Bakolori, shekarar 1980 ce ke faɗo mini a rai, ko da yake ban yi wayo ba a lokacin. A watan Afrilun shekarar ne aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu. Hukuma ta ƙirga gawa 'yan kaɗan, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A wannan shekarar kuma Allah Ya karɓi ran wani ɗan sanda na daban, wanda shi ma sunansa ke tafe da maganar dam, wato marigayi Alhaji Audu Bako.

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya daɗe yana aiki, saboda haka a cikin kaki ya buɗi ido. Bayan ya yi Midil ta Zariya, ya shiga aikin a 1942, ya koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, har ya kai muƙamin mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na duk Jihar Arewa.

A nan nake son mai karatu ya ɗan dakata. Ɗan doka na wancan zamani ba shi da mota, ba shi da oba-oba, balle ɗakin gwaje-gwaje. Kulki ne da ƙafa, in ya yi sa'a a haɗa masa da keke. To da me yake kama ɓarawo? Da sanin gari. In an saci sa, wajen sarkin fawa zai fara zuwa, don ba a yanka dabba a ɓoye masa. In baƙo ya sauka, mai unguwa ya san gidan da ya kwana. In an fasa ɗaki da dare, sai a bi sawu tun raɓa ba ta bushe ba, a tambayi wanda ya fara fita masallaci. A matsayina na ɗalibin harshe, sunayen ma suna ba ni sha'awa: ɗaya mun jingina shi ga doka, ɗayan ga sanda. Ba na wanke 'yan doka, domin tarihi bai manta yadda aka yi amfani da su wajen gallaza wa 'yan NEPU ba. Amma dai sun san mutanen da suke tsaro, mutanen kuma sun san iyayensu.

Da Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai ya ba Audu Bako Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Ba shi kaɗai ne ɗan sanda cikin gwamnonin ba, akwai Usman Faruk a Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. A ganina, hankalin mai bincike ya kai gidan gwamnati. Ya duba abin da ke sace wa talakan Kano abinci, ya gano cewa fari ne, sai ya bi sawun ruwa. Aka gina Bagauda, aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da farin Sahel ke karkashe dabbobi. Noman ranin Kadawa da Kura daga nan ya samo asali. Gidan Zu na Kano da sakatariyar jiha da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta duk sunansa suke ɗauke da shi.

Ba a rasa abin faɗa a kansa. Tiga ta tashi ƙauyuka, ta kuma rage ruwan da ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, masunta da makiyayan can sun ji a jikinsu. Sannan bayan juyin mulkin Janar Murtala na Yulin 1975, binciken da aka yi wa gwamnonin Gowon mutum biyu kaɗai ya wanke, Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi. Audu Bako ba ya cikinsu. Duk da haka, har yau in dattawan Kano suka zauna lissafin gwamnoni, da wuya ka ji sun fara da wani ba shi ba.

Da ya bar mulki sai ya koma noma a ƙasar Sakkwato, har rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

A bara wani ƙanen mahaifina ya rasa shanu huɗu a dajin da ke tsakaninmu da Maradun. Ya je ofishin 'yan sanda, ya tarar da saurayin da aka turo daga nesa, ba ya jin Hausa, ba mai a motarsa. Yaron ya rubuta ƙarar da kyau, ya kuma ba shi haƙuri. Bai san akwai sarkin fawa a garin ba, kuma babu wanda ya gaya masa.