Labarin Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Masu karatu da yawa sun riƙe hoton matar nan a hannunsu ba su san sunanta ba. Ita ce ke bayan takardar naira 20, ta sunkuya bisa tukunyar da take ginawa. A wannan wata muna so mu ba da labarinta.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne tun kaka da kakanni. A wurin gwaggonta ta koya. Ba ta shiga makaranta ba. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta yi ta ɗorawa tana zagaya tukunyar da ƙafarta har ta tashi. Sa'an nan ta zāna mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, kāna a gasa a fili da itace da ciyawa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu randuna ran kasuwar Shuwarin, kusa da Dutse, ya san irin aikin nan, ya kuma san ba a tambayar sunan wadda ta gina. Ciniki kawai ake yi.

Abin da ya raba Ladi da sauran mata shi ne idon wani babban mutum ya faɗa kan aikinta. Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa don kyansu. Abujan nan kuwa ita ce ake kira Suleja yanzu. A 1950 wani Bature, Michael Cardew, wanda Gwamnati ta ɗauka domin ya duba sha'anin tukwane a Nijeriya, ya gan su a gidan Sarki, suka shiga ransa ƙwarai. Da aka buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja shi ne shugabanta, a 1954 kuma Ladi ta shiga, ita ce mace ta fari a cikinta.

Ya kamata mu dakata a kan Baturen nan kaɗan. Turawa suna fahariya da gwanayensu na dā, irin su Michelangelo, amma su ma sai da attajirai suka riƙe su, kamar gidan Medici na birnin Florence. A zamanin Cardew kuwa injuna sun kusa kashe aikin hannu a Ingila, shi da malaminsa Bernard Leach suna baƙin cikin wannan. Abin da ƙasarsa ta yar ya zo ya tarar a hannun wata mace Bagwariya. Saboda haka muna gani ya karɓa daga gare ta kamar yadda ya ba ta.

A makarantar ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya ruwan nan mai sa ƙyalli kamar na tangaran, da gashi cikin tanderu mai zafi ƙwarai. Amma manyan tukwanenta ba ta daina gina su da hannu yadda gwaggonta ta koya mata ba. Sai dai ga abin da ya faru da su. Kowace uwargida ta san randa tana sanyaya ruwa ne domin tana tsatsafowa. Tukunyar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa a tanderu ba ta tsatsafo, ga ta kuma da nauyi, ba mai ɗaukarta zuwa rafi. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin matan Kwali. Watau tukunyar ta fita daga tsakar gida ta koma ɗakin baƙi na masu hali, abin kallo. Mu dai ba mu ga laifin Ladi a nan ba, gama mai sana'a yana bin mai saye ne. Amma in an ce Turawa sun ɗaukaka ginin Gwari, a tuna wadda suka ɗaukaka ba ita ce ake shan ruwa a ciki ba.

Aka nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila ta yi gini gaban jama'a, mutane suna mamakin ganin tukunya tana tashi daidai ba da inji ba. Mun tuna da annabi Irmiya, da Ubangiji ya aike shi gidan maginin tukwane ya tsaya ya duba hannun mai aikin. A 1963 aka ba ta lambar girma ta Ingila, M.B.E. Cardew ya bar Abuja a 1965, ita kuwa ta ci gaba da aiki tana koya wa waɗansu, a 1972 kuma suka zaga Amurka tare.

Girmamawar gida ta zo daga baya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, Gwamnatin Nijeriya kuma ta ba ta lambobi a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, da wani titi a sabuwar Abuja, a 2007 kuma aka fito da takardar naira 20 mai hotonta.