Alhaji Umaru Salaga, Malamin da Ya Ga Rabon Ƙasarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, bana na zaɓi in kawo tarihin Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda wasu ke kira Imam Imoru. An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, kuma tun yana saurayi ya rubuta littafin Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa. Wannan ba ƙaramin fanni ba ne a wancan zamani, don da wasiƙa sarki ke neman aminci wurin sarki, da ita kuma madugu ke nema wa ayarinsa hanya.

Hanyar fataken goro ce ta kawo shi Gwanja, ya zauna a Salaga yana karantarwa. A 1892 yaƙin basasa ya tashi kan sarauta, kasuwar ta watse, malamai da attajirai suka bazu. Shi ma daga baya ya koma Kete-Krachi.

To, a daidai lokacin ne Ingila da Jamus da Faransa ke tseren mallakar wannan yanki namu. Tun a 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya cewa yankin Salaga da Yendi ya zama ba na kowa ba a tsakaninsu. Ku duba fa, ƙasa da sarakunanta da mutanenta, amma wasu can a Turai ke yanke mata hukunci. Duk da haka ba su zauna ba. Turawan Ingila suka turo George Ekem Ferguson, mutumin Fante, yana bi gari-gari yana ƙulla yarjejeniya da sarakuna, kuma a 1894 ya ƙulla da Mamprusi a nan ƙasarmu. Jamusawa su kuma da bindiga suka zo: a Disamba 1896 suka gwabza da Dagomba a Adibo, suka shiga Yendi. A 1898 Ingila da Faransa suka shata iyakar arewa, wadda ta bi ta kusa da Bawku. A 1899 aka raba wancan yanki na tsakiya, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, aka tsaga Dagbon gida biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a takarda ɗaya aka yi wannan rabo da rabon tsibiran Samowa, can tsakiyar teku, inda kakanninmu ko sunan ba su taɓa ji ba. Gambaga kuwa ta zama mazaunin mulkin Ingila na arewa kafin a mayar da shi Tamale a 1907.

Babu rediyo, babu jarida a zango. Wa zai faɗa wa jama'a abin da ke faruwa? Nan ne Alhaji Umaru ya yi aikinsa. Ya tsara waƙoƙi biyu da Larabci wajen 1899 zuwa 1901, sannan ya yi ɗaya da Hausa kan zuwan Nasara. Ya bayyana yadda suka fara shigowa da lalama da sunan ciniki, sai da suka kafu suka juya. Ya jero garuruwa da sarakunan da suka faɗi, na kusa da na nesa, domin mutumin Salaga ya gane cewa abin da ya same shi, shi ne ya sami sauran ƙasashe. Almajirai suka riƙa kwafa suna kaiwa zango-zango.

Amma ga inda ake muhawara. Mutumin da ya yi kuka da zuwan Turawa, shi ne kuma ya zauna da jami'in Jamus Adam Mischlich a Kete-Krachi, yana koya masa Hausa, yana rubuta masa labarin ƙasar Hausa da sana'o'inta. Mischlich ya buga ƙamus ɗinsa na Hausa a 1906. Wani zai ce ai wannan baki biyu ne. Ni dai ban ga haka ba. Limami ne mai jama'a a wuyansa, ƙarfin bindiga kuma ba ya hannunsu. Ya faɗi gaskiyarsa a rubuce, ya kuma bar ƙofar magana a buɗe don masallaci da makaranta su tsira. Rubuce-rubucen da ya ba Bajamushen nan ma, su ne masana ke karantawa har yau.

Ya tafi aikin hajji wajen 1913. Yana can yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Jamus ta rasa Togo a 1914. Da ya dawo sai ya tarar Kete-Krachi na ƙarƙashin Ingila, tuta ta sake, ba a tambayi kowa ba. Ya ci gaba da karantarwa, ɗalibansa suka bazu cikin zangunan ƙasar nan. Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, can kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.