Reed Smoot: Sanatan Amurka da aka shekara uku ana tuhumar addininsa

A watan Janairun 1903 majalisar dokokin jihar Utah ta zaɓi wani ɗan kasuwa mai suna Reed Smoot ya wakilce ta a Majalisar Dattawan Amurka. Kafin ya zauna a kujerarsa, takardun koke sun fara kwarara zuwa Washington daga coci-coci da ƙungiyoyin mata, duk suna neman a kore shi. Ba a zarge shi da sata ko maguɗi ba. Abin da ya ja masa shi ne addininsa.

An haifi Smoot a birnin Salt Lake City ranar 10 ga Janairun 1862. Mahaifinsa, Abraham Smoot, ya taɓa zama magajin garin, kuma yana da mata fiye da ɗaya, kamar yadda cocin Mormon ya yarda a lokacin. Reed ya yi karatu a garin Provo, ya shiga harkar masaƙa da banki da ma'adinai. A 1900 aka naɗa shi cikin manyan shugabannin cocin su 12, waɗanda ake kira manzanni.

Wannan muƙami ne ya tayar da ƙura. Dokar Amurka ta haramta auren mace fiye da ɗaya, kuma sai da cocin ya sanar da daina ɗaura irin wannan aure a 1890 kafin Utah ta zama jiha a 1896. Shi Smoot matarsa ɗaya ce. Sai dai masu adawa sun ce shugabannin cocin na ci gaba da ɗaura auren a ɓoye, kuma biyayyar Smoot ga coci ta fi wadda yake yi wa ƙasa.

Kwamitin majalisar ya fara sauraron shaidu a 1904, jaridu kuwa suka samu abin bugawa. Masu zanen barkwanci sun riƙa nuna shugabannin cocin kewaye da tarin mata da 'ya'ya. A gida ma, jaridar Salt Lake Tribune ba ta raga masa ba. Lamarin ya ƙara zafi da shugaban cocin, Joseph F. Smith, ya amsa a gaban kwamiti cewa yana zaune da matansa biyar, kuma sun haifa masa 'ya'ya 11 bayan sanarwar 1890.

Matsin ya sa a watan Afrilun 1904 cocin ya fitar da sabuwar sanarwa, cewa duk wanda ya ƙara aure a kan matarsa za a kore shi. Biyu daga cikin manzannin sun sauka daga muƙamansu a 1905.

Duk da haka kwamitin ya ba da shawarar a tsige Smoot. Amma Shugaba Theodore Roosevelt, ɗan jam'iyyarsu ta Republican, ya mara masa baya. Ranar 20 ga Fabrairun 1907 sanatoci 42 suka ƙi amincewa da tsigewar, 28 suka goyi bayanta.

Smoot ya yi shekara 30 a majalisar, ya shugabanci kwamitin kuɗi tun daga 1923. Sunansa na kan dokar Smoot-Hawley ta 1930 da ta ƙara harajin kayan da ake shigowa da su, wadda masana tattalin arziki da dama ke ganin ta daɗa dagula karayar arzikin lokacin. Ya sha kaye a zaɓen 1932 a hannun Elbert Thomas, wanda shi ma ɗan Mormon ne.

Ya mutu a jihar Florida ranar 9 ga Fabrairun 1941. Tambayar da aka yi masa, ta ko ɗan Mormon zai fifita ƙasa a kan coci, ita ce jaridu suka sake yi wa Mitt Romney lokacin da ya nemi shugabancin Amurka a 2008 da 2012.