Michael Faraday (1791-1867): Rayuwarsa da Tafarkinsa na Isar da Kimiyya ga Jama'a

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Michael Faraday, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, ta fuskar yadda ya koyi bayyana kimiyya ga waɗanda ba masana ba, da yadda ya shimfiɗa wa wannan aiki ƙa'idoji. An nuna cewa ƙwarewar da ya shahara da ita ta samu ne ta hanyar horo na shekaru, kuma matsalolin da ya fuskanta na harshe da ƙirƙirar kalmomi suna nan a gaban masu horar da ɗaliban manyan digiri a yau.

1.0 Gabatarwa

An fi sanin Faraday da bincikensa a kan lantarki da maganaɗisu, wanda a kansa aka gina injin samar da wuta da tiransifoma. Sai dai mutanen Landan na zamaninsa sun fi saninsa a matsayin mai lacca, wanda manya da yara suke cika zaure domin sauraronsa. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, kuma iliminsa na lissafi bai yi zurfi ba. Wannan ya tilasta masa yin tunani da kalmomi da siffofi, ya kuma sa tarihinsa ya zama abin nazari ga duk mai sha'awar dangantakar harshe da kimiyya.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts da ke kudancin Landan. Mahaifinsa, James, maƙeri ne da ya sha fama da rashin lafiya, don haka gidan ya tashi cikin talauci. Karatun da yaron ya samu bai wuce na iya karatu da rubutu da ɗan ƙidaya ba. A 1804 ya fara aikin aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinka su, a shekara ta gaba kuma ya zama ɗan koyo na tsawon shekara bakwai.

Shagon ya zame masa makaranta, domin yakan karanta littattafan da aka kawo ɗinki. Biyu daga cikinsu sun yi masa tasiri ƙwarai. Na farko shi ne na Jane Marcet a kan kimiyyar sinadarai, wanda aka tsara shi a sigar hira tsakanin malama da ɗalibanta mata biyu. Na biyu shi ne na Isaac Watts a kan hanyoyin inganta tunani, wanda ya ba da shawarar ajiye littafin rubuta abin da aka koya, da halartar laccoci, da musayar wasiƙu. Faraday ya bi waɗannan shawarwari ɗaya bayan ɗaya. Daga 1810 ya fara halartar laccocin John Tatum, inda yayansa Robert yake biya masa sule guda na shiga. Ke nan shi kansa ta ƙofar rubutu da laccar da aka yi domin gama-garin mutane ya shiga kimiyya.

3.0 Shigarsa Royal Institution

A 1812 wani mai hulɗa da shagon, William Dance, ya ba shi tikitin halartar laccoci huɗu na Humphry Davy a Royal Institution, cibiyar da aka kafa a 1799 domin yaɗa ilimin kimiyya. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya ƙawata shi da zane, ya ɗinka shi littafi, sannan ya aika wa Davy tare da neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Daga Oktoba na wannan shekara zuwa Afrilun 1815 ya raka Davy zagayen Faransa da Italiya da Suwizalan, inda ya haɗu da manyan masana irin su Ampère da Volta, duk da cewa a tafiyar an ɗora masa aikin barantaka wanda ya sosa masa rai.

4.0 Koyon Fasahar Lacca

A watan Yuni na 1813, yana ɗan shekara 21, kafin ya taɓa tsayawa gaban jama'a, Faraday ya rubuta wa abokinsa Benjamin Abbott jerin wasiƙu a kan yadda lacca ta kamata ta kasance. Aikinsa na shirya wa masu lacca kayan gwaji ya ba shi damar lura da kurakuransu. Ya fara da zauren kansa: haske, da shigar iska, da tsarin ƙofofi. Ya wuce zuwa ga mai magana, wanda ya ce wajibi ne ya yi magana a natse, ya fuskanci jama'a, ya guji duƙufa a kan takarda, kada kuma ya yi kwaɗayin tafi. Ya ga cewa bai kamata lacca ta wuce awa guda ba, kuma kaucewa daga batu tana yanke zaren hankalin mai sauraro. Game da gwaji, ya fifita wanda kowa zai gani da idonsa, saboda abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya fiye da abin da kunne ya ji.

Bai tsaya ga tsara ƙa'idoji ba. A 1816 ya gabatar da laccarsa ta farko a ƙungiyar matasa masu son ilimi da Tatum ya kafa. Ya ɗauki darussan iya magana a wajen Benjamin Smart, ya kuma haɗu da wasu abokai suna rubuta insha'i suna gyara wa juna. Bayan ya shahara ma, abokinsa Edward Magrath yakan zauna cikin masu sauraro yana rubuta kurakuransa na lafazi da salo. An kuma riƙa ajiye masa kati a gabansa mai tunatar da shi ya sassauta magana, da wani mai nuna cewa lokaci ya ƙare.

5.0 Bincike da Ƙirƙirar Kalmomi

A 1821, shekarar da ya auri Sarah Barnard, ya nuna yadda waya mai ɗauke da lantarki take juyawa kewaye da maganaɗisu. A 1824 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society duk da adawar Davy, a 1825 kuma ya gano sinadarin benzin, aka kuma naɗa shi daraktan ɗakin gwaje-gwaje. Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya gano cewa sauyin ƙarfin maganaɗisu yana haifar da lantarki.

Binciken da ya yi a 1833 da 1834 a kan yadda lantarki yake rarraba sinadarai ya jefa shi cikin matsalar da masana harshe suka sani sarai. Kalmomin da ake amfani da su a lokacin suna ɗauke da ra'in cewa bakunan waya suna jawo sinadarai kamar yadda maganaɗisu yake jawo ƙarfe, ra'in da gwajinsa ya rushe. Ya ga cewa muddin tsohuwar kalma tana nan, tsohon tunani ba zai gushe ba. Sai ya tuntuɓi William Whewell na Jami'ar Kambirij, masanin Girkanci, wanda ya ba shi kalmomin anod da katod da ayon. Tushen biyun farko yana nufin hanyar hawa da hanyar gangara, ta ukun kuma tana nufin mai tafiya. Sharaɗin Faraday shi ne kalma ta siffanta abin da ake gani ba tare da ta ɗaure kanta ga wani ra'i da ka iya faɗuwa gobe ba. Har yau da waɗannan kalmomi ake aiki.

A 1857 ya rubuta wa matashin masanin lissafi James Clerk Maxwell, wanda ya mayar da tunaninsa na layukan ƙarfi zuwa lissafi, yana tambayar ko ba za a iya bayyana sakamakon lissafi da harshen yau da kullum ba, domin masu gwaji irinsa su amfana. A nan Faraday ya tsinci kansa a matsayin mai sauraron da harshen ƙwararru ya rufe wa ƙofa.

6.0 Laccocin Juma'a da na Kirsimeti

A tsakiyar shekarun 1820 cibiyar tana cikin matsin kuɗi. A wannan yanayi aka fara laccocin daren Juma'a domin 'yan cibiya da baƙinsu, da laccocin Kirsimeti domin yara, waɗanda suka soma a 1825. Faraday ne ginshiƙin duka biyun. Ya gabatar da laccocin Juma'a fiye da ɗari, ya riƙa gayyato masu bincike su bayyana aikinsu, har yakan tsaya a madadin Charles Wheatstone, wanda kunya take hana shi magana a bainar jama'a. Na Kirsimeti kuwa ya gabatar da jeri 19 tsakanin 1827 da 1861.

Mafi shahara shi ne jerin laccoci shida a kan kyandir, wanda ya gabatar a 1848, ya maimaita a ƙarshen 1860, aka buga shi littafi a 1861. Hikimarsa ita ce farawa da abin da yake cikin kowane gida. Ya nuna yadda iska mai sanyi take daskarar da gefen kyandir har ya zama ɗan kofi mai riƙe narkakken kaki, da yadda kakin yake hawa lagwani, ya zama tururi kafin ya kama da wuta. Yakan hure kyandir, ya kusantar da wuta ga hayaƙin, sai harshen wutar ya bi hayaƙin ya koma kan lagwani. Daga nan ya nuna cewa hasken yana fitowa ne daga ƙwayoyin kabon masu zafi, cewa ƙonewar tana samar da ruwa, kuma iskar oksijin da kyandir yake ci ita ce ɗan Adam yake shaƙa. Ta haka yaro yake tashi daga kyandir ya isa ga numfashinsa, kowane mataki da gwajinsa, kalmar fannu kuma ba ta zuwa sai bayan an ga abin da take nufi.

7.0 Iyakar Lacca da Ƙarshen Rayuwa

Faraday bai ruɗi kansa game da abin da lacca take iya yi ba. Ra'ayinsa shi ne laccar da take koyarwa da gaske da wuya ta samu farin jini, mai farin jini kuma da wuya ta koyar. Aikinta shi ne ta kunna sha'awa, sauran kuma sai da karatu da gwaji. A 1853, da camfin cewa ruhohi suna juya tebur ya mamaye Landan, ya ƙera wata 'yar na'ura da ta nuna cewa hannuwan mutane ne suke tura teburin ba da saninsu ba, ya kuma bayyana haka a jaridar The Times. Ganin yadda masu ilimi suka faɗa wa camfin ya sa a 1854 ya gabatar da lacca a gaban Yarima Albert, inda ya dage cewa babban giɓin ilimin zamaninsa shi ne rashin horar da hankali wajen auna hujja.

Akwai kuma giɓi a nasa ɓangaren. Bai yaye ɗaliban bincike ba. Shi kaɗai yake aiki tare da mataimakinsa Charles Anderson. Saboda haka fasaharsa ta wanzu ne ta wasiƙunsa da littafinsa da al'adar da ya bari a cibiyar. Tun daga 1839 mantuwa da jiri suka fara damunsa. Ya ƙi karɓar shugabancin Royal Society, a 1858 kuma Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court. Ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe a 1862, ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

8.0 Kammalawa

Laccocin Kirsimeti suna gudana har yau, ban da tsaikon da suka samu daga 1939 zuwa 1942 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun 1986 Royal Society take ba da lambar yabo mai sunansa ga masanin da ya yi fice wajen isar da kimiyya ga jama'a. Rayuwarsa ta tabbatar da cewa wannan fasaha koyonta ake yi, ta hanyar lura da magabata, da yawan gwadawa, da miƙa kai ga mai gyara. Waɗannan duka abubuwa ne da za a iya sanyawa cikin manhajar ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ga manazarta Hausa kuwa, haɗin gwiwarsa da Whewell ya nuna cewa ƙirƙirar kalmar kimiyya tana buƙatar wanda ya san abin da ake siffantawa da wanda ya san harshen da za a siffanta shi, su zauna tare kafin kalma ta shiga littafi.